Masana'antar da ba ta kai shara juji: me wannan iƙirari yake nufi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin da ke buga ƙofar mota zai lura da wani abu da rahotannin kamfanoni ba su cika ambata ba. Ana zura fallen ƙarfe mai kusurwa huɗu, injin ya sauko da nauyinsa ya danne shi, ya yanke gefuna, ya huda wurin da gilashi zai zauna, sai ƙofa ta fito ta gefe guda, guntattakin da aka yanke kuma su zube ta wata kafa zuwa ƙasa, inda bel yake jan su waje. Wannan guntun da aka cire daga wurin taga, an haƙo tamarsa, an narka ta, an murza ta har ta zama falle, an yi mata rufin hana tsatsa, an yi dakonta daga nesa, kuma an biya kuɗinta daidai da na sauran ƙarfen da ya zama ƙofa. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun wallafa wani nazari a 2017 da ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, kashi 56 cikin ɗari ne kawai na fallen ƙarfen da ake sayowa domin jikin mota yake ƙarewa a jikin motar.

Abin lura shi ne, ko ɗaya daga cikin waɗannan guntattaki ba ya zuwa juji. Ƙarfe kuɗi ne, kuma tun kafin a fara maganar sauyin yanayi dillalan tsofaffin ƙarafa suke zuwa ƙofar masana'antu suna saye. Saboda haka masana'antar da kusan rabin fallen da ta sayo bai zama mota ba tana iya rubutawa a rahotonta na shekara, ba tare da ta yi ƙarya ba, cewa ba ta kai komai ramin binne shara. A nan ne gizo yake saƙar. Wannan iƙirari, wanda ya zama abin ado a rahotannin ɗorewa na manyan kamfanoni, yana ba da labarin inda shara ta tafi, amma ya yi shiru game da yawan sharar da aka haifar tun farko. A ganina tambaya ta biyun ta fi nauyi ga muhalli da ma aljihun kamfanin, kuma ita ce aka fi yawan tsallakewa.

Wannan ba ya nufin cewa rage binne shara ƙaramin abu ne. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa sharar gidaje da kasuwanni da ofisoshi ta kai tan biliyan 2.01 a 2016, kuma za ta kai tan biliyan 3.4 nan da 2050 idan aka ci gaba da tafiya a haka. Rahoton ya ƙara da cewa wadda masana'antu suke fitarwa ta kusan ninka wannan sau 18. Ramin binne shara na zamani ya bambanta da bolar da ake zubarwa a fili, domin ana shimfiɗa masa yumɓu da roba mai kauri a ƙasa, a binne bututun da ke tara ruwan da yake tsatsowa, a riƙa rufe sharar da ƙasa kullum. Duk da haka, abin da yake ruɓewa a cikinsa, irin su takarda da katako da ragowar kayan abinci, yana ruɓewa ne inda iska ba ta shiga, sai ya riƙa fitar da gas wanda kusan rabinsa metan ne. Metan yana riƙe zafi fiye da iskar kabon wajen sau 28 idan aka auna a tsawon shekara ɗari, kuma fiye da sau 80 idan aka auna a shekara ashirin. Shimfiɗar da ke ƙasa kuwa tana tsufa, yayin da darma da sauran sinadarai masu guba da aka binne ba sa tsufa.

Labarin da ya fi koya wa kamfanoni tsoron rami ya faru ne a unguwar Love Canal da ke jihar New York ta Amurka. Kamfanin Hooker Chemical ya binne kimanin tan 20,000 na sharar sinadarai a wani tsohon magudanar ruwa daga 1942 zuwa farkon shekarun 1950, aka rufe da ƙasa, a 1953 kuma aka sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya. An gina makaranta a kai, gidaje suka kewaye wurin. Da gubar ta fara ɓullowa a farfajiyar gidaje da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, sai aka ayyana dokar ta-ɓaci a 1978, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Dokar da majalisar Amurka ta yi a 1980 sakamakon wannan ta ɗora alhakin tsabtace irin waɗannan wurare a kan waɗanda suka haifar da sharar, ko da an yi shekaru da binne ta. Daga nan lauyoyin kamfanoni suka fahimci cewa biyan mai tifa ya kwashe shara bai raba kamfani da ita ba.

Turai ta bi ta hanyar tsari da haraji. A 1979 wani ɗan majalisar Holan mai suna Ad Lansink ya gabatar da jerin fifiko wanda daga baya ya shiga dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008: a hana sharar faruwa, idan ba ta hanu ba a sake amfani da kayan yadda suke, idan ba zai yiwu ba a sake sarrafa su, sannan a ƙona domin samun makamashi, binnewa kuma ita ce matakin ƙarshe. Jamus ta haramta binne sharar da ba a sarrafa ba tun daga 2005. Birtaniya ta sanya harajin binne shara a 1996 a kan fam 7 ga kowane tan, ta riƙa ƙara shi shekara bayan shekara, har ya kai fam 126.15 a Ingila a watan Afrilun 2025. Wannan haraji ya sauya lissafin manajoji fiye da kowace irin nasiha, domin abin da a da ake biyan ɗan kuɗi kaɗan a rabu da shi ya koma babban layi a littafin kashe-kashe. Sai dai ya zo da tasa matsalar, domin harajin sharar da ba ta ruɓewa, irin su ɓaraguzai da ƙasa, fam 4.05 ne kacal a 2025, kuma wannan tazara mai faɗi ta buɗe wa marasa gaskiya ƙofar niƙa shara iri-iri su kira ta ɓaraguzai, ko su zubar da ita a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A cikin wannan yanayi ne iƙirarin daina kai shara juji ya bazu. Masana'antar Subaru da ke Lafayette a jihar Indiyana ta kai wannan matsayi a 2004, kuma ita ce masana'antar haɗa motoci ta farko da ta yi hakan a Amurka. A watan Janairun 2015 Unilever ya sanar da cewa masana'antunsa sama da 240 a ƙasashe 67 sun daina kai sharar da ba ta da guba ramin binnewa, kuma ya ce hakan ya rage masa kashe kuɗi da ya kai yuro miliyan 200. General Motors ya ƙirga wurare 152 masu wannan matsayi a ƙarshen 2016. Ban ɗauki waɗannan a matsayin farfaganda kawai ba, domin aikin da aka yi kafin a kai ga wannan matsayi aiki ne na gaske, kuma ya cancanci a dube shi da kyau.

Yawanci yana farawa ne da wani abu marar daɗi, wato a juye kwandunan shara a ƙasa, ma'aikata su sa safar hannu su rarrabe abin da ke ciki, su ɗora kowane iri a sikeli, su rubuta daga wane sashe ya fito. Abin da ake gani a irin wannan rana yana ba manajoji mamaki. Kwali mai tsabta, wanda masu yin takarda za su saya da murna, an jefa masa tsumman da aka goge baƙin mai da shi, sai duka tulin ya lalace. Ledar naɗe kaya ta cakuɗe da igiyar ɗaure kaya, alhali robobi ne iri biyu da ba a narka su tare. Murafun roba da aka toshe bututu da su domin kada ƙura ta shiga a hanya, an cire su an yar bayan amfani sau ɗaya, ko da yake babu abin da ya same su. Maganin yawancin wannan ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Ana ajiye kwanduna daban-daban a daidai inda hannun ma'aikaci yake kaiwa, domin wanda injin yake jira ba zai yi taku ashirin don ya jefa guntun leda a wurin da ya dace ba. Ana yarjejeniya da masu kawo kaya su karɓi akwatunansu da katakon ɗora kaya su sake cikowa. A Subaru har farin soson da ake kare sassan injin da shi ana mayar da shi Japan a sake amfani da shi sau da yawa. Ana tace sinadarin wanke bututun fenti a sake amfani da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarami ne, amma idan aka auna kowane sashe da sikelinsa, shugaban sashen ya san za a karanta lambarsa a gaban takwarorinsa, halayya tana canjawa.

Matsalar tana fara bayyana ne a ragowar da ba ta da mai saye. Bayan an rarrabe ƙarfe da kwali da roba mai tsabta, akwai abin da yake saura: lakar fenti, tsummokaran mai, robobin da aka manne iri biyu ko uku wuri guda, ƙurar shara, safar hannu da aka gama da ita. Hanya mafi sauƙi ta kai wa ga sifiri, wato a daina binne komai, ita ce a tura wannan ragowa tanderun da ke ƙona shara domin samar da lantarki ko tururi, ko kuma a kai ta masana'antar siminti, inda zafin tanda yake kai wa digiri 1,450. Subaru ɗin ma ta wannan hanya take rabuwa da ɗan abin da ya rage mata. Ƙonawa tana da amfaninta, musamman ga abin da zai ruɓe ya fitar da metan, amma ƙona roba daidai yake da ƙona man fetur, tunda daga shi aka yi ta. Kuma tanderun ƙona shara yana barin toka da ta kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyin abin da aka zuba, tare da ƙurar da ake tacewa daga hayaƙi, wadda ake lissafa ta cikin shara mai guba. Wani ɓangare na wannan toka rami yake komawa, sai dai a lokacin ya riga ya fita daga littafin masana'antar ya shiga na mai tanderu.

Shi ya sa takardun shaidar da ake bayarwa ba ma'anarsu ɗaya ba. Ma'aunin UL 2799 yana ba da matakin azurfa ga wanda ya kauce wa rami da kashi 90 zuwa 94, zinariya ga kashi 95 zuwa 99, mafi girma kuma ga kashi 100, yana kuma yarda da ƙonawa domin makamashi matuƙar an bayyana yawanta. Shaidar TRUE da ƙawancen masu rajin kawar da shara na duniya, wato ZWIA, kuwa ba sa lissafa ƙonawa a matsayin nasara, suna neman a kauce wa rami da tanderu baki ɗaya da aƙalla kashi 90. Kamfanoni biyu suna iya furta kalmomi iri ɗaya, alhali ɗaya ya rage shararsa ne, ɗayan kuwa ya sauya mata adireshi.

Akwai kuma rikicin da ke cikin lissafin kansa, kuma misali zai fi fito da shi. A ɗauka masana'antu biyu suna yin kaya iri ɗaya, adadi ɗaya. Ta farko tana fitar da shara tan 1,000 a shekara, ta sayar da 600 ga masu sake sarrafawa, ta ƙona 400, babu abin da ta binne. Ta biyu ta gyara aikinta har shararta ta sauko tan 300, ta sayar da 270, ta binne 30. A takarda ta farko ce ke da kashi 100, ta biyu tana da 90, kuma ta farko ce za ta karɓi lambar yabo. Amma ta biyu ta bar tan 700 na kaya ba a haƙo ba, ba a sarrafa ba, ba a yi dakonsu ba. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne, idan ta biyu ta ci gaba da rage guntattakin da take sayarwa, kasonta na kauce wa rami zai riƙa raguwa, domin abin da ake rabawa da shi ya ragu. Ma'aunin da yake hukunta mai rage shara bai kamata ya zama shi kaɗai ake dubawa ba. Ga shi kuma lissafin da nauyi ake yin sa, saboda haka masana'antar da ke sarrafa ƙarfe tana fara tseren ne daga kusa da ƙarshe, kuma 'yan gangunan sinadari masu haɗari suna ɓacewa a cikin dubban tan na guntun ƙarfe.

Iyakar da aka shata wa iƙirarin ma tana da muhimmanci. Kalmar "marar guba" da ke cikin sanarwar Unilever gaskiya ce da kamfanin ya faɗa a fili, amma mai karatu cikin sauri ba zai lura da cewa an ware nau'in sharar da ya fi wuyar sha'ani ba. Haka nan, masana'antar da ke haɗa kaya kawai, wadda ta bar wa wasu zubin ƙarfe da rini da jima da yin allunan lantarki, ta bar musu shararsu ma. Yawancin sharar wayar salula ko riga ko mota an riga an haife ta a mahaƙa da matata da ƙananan masana'antun da ke kawo sassa, tun kafin kayan su iso wurin da za a liƙa musu suna. Sannan kalmar "an tura domin sake sarrafawa" tana tsayawa ne a bakin ƙofa. Shekaru da dama ƙasar Sin ce take karɓar kaso mafi girma na tarkacen roba da takarda na duniya, har zuwa farkon 2018 da ta hana shigo da nau'i 24 na shara, ta kuma ƙayyade cewa dattin da ke cikin wanda za ta karɓa kada ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari. Farashin tarkace ya faɗi warwas, kaya suka karkata zuwa Malesiya da Tailan da Biyetnam, kuma wani ɓangare nasu ya ƙare a bola ko a wutar da aka kunna a fili. A rahotannin waɗanda suka aiko da su, duka an rubuta su a matsayin waɗanda aka ceto daga rami.

Wurin da ake yawan ambata a matsayin mafita shi ne garin Kalundborg na ƙasar Denmak, inda tun farkon shekarun 1970 masana'antu maƙwabta suka fara musayar abin da kowacce take zubarwa. Matatar mai ta ba masu yin allunan silin gas ɗin da take ƙonawa a banza, tashar lantarki ta Asnæs ta riƙa ba matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk tururi, tokarta ta tafi wurin masu siminti, farin garin jibsam da take samu daga tace hayaƙi kuma ya koma allunan gini. Ba wata hukuma ce ta zana wannan tun farko ba, yarjejeniyoyi ne na kasuwanci da aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya saboda kowane ɓangare ya ga riba, kuma kusanci da yarda da juna suka riƙe su. Irin wannan musaya ta daɗe a manyan masana'antu, kamar yadda ake niƙa kashin ƙarfen da ke fitowa daga tanderun narka tama a zuba shi a siminti. Rauninta shi ne mai saye yana dogara da sharar wani. Yanzu da Turai take rufe tashoshin kwal, masu siminti da masu allunan gini sun fara rasa toka da jibsam ɗin da suka saba samu, wanda ya nuna cewa kasuwar shara tana tafiya ne da ran masana'antar da ke haifar da ita.

Akwai kuma sharar da har yau ba a sama mata mafita mai girman da ya dace da ita ba. Duk tan ɗaya na alumina, wato garin da ake yin alminiyam da shi, da aka tace daga ma'adinin boksait yana barin tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi na jan taɓo mai kaifin sinadari, duniya kuma tana tara sama da tan miliyan 150 nasa a kowace shekara, ɗan kaɗan ne ake amfani da shi. A watan Oktoban 2010 katangar wani tafkin ajiye shi ta fashe kusa da garin Ajka na ƙasar Hangari, taɓon ya malale ƙauyuka, mutum goma suka rasu. A irin wannan fanni, maganar sifiri ba ta ma taso ba, abin da ake buƙata shi ne a busar da taɓon kafin a ajiye, a gina katanga mai ƙarfi, a kuma ci gaba da bincike. Ya kamata a faɗi wani abu da masu rajin kawar da shara ba su cika son ji ba: wani lokaci ramin da aka gina da kyau shi ne wuri mafi aminci. Asbestos, kayan ginin da ƙurarsa take cutar da huhu, wurinsa ƙarƙashin ƙasa ne. Tsohuwar robar kayan lantarki da ke ɗauke da sinadaran hana kama wuta waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta haramta, idan aka narka ta aka yi sabbin kaya da ita, an dawo da gubar cikin gidajen mutane ke nan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Haka ma ɗaukar 'yan tan na shara a babbar mota zuwa wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita, don kawai kada lambar ta sauka daga 100 zuwa 99, hidima ce ga rahoto fiye da muhalli.

To ina ainihin ribar take? Tana wurin da aka fara wannan bayani, a bakin injin. Akwai wata hanyar lissafi da aka ɓullo da ita a Jamus, ma'aikatar masana'antu ta Japan ta yaɗa ta daga wajen shekarar 2000, ta kuma zama ma'aunin duniya na ISO 14051 a 2011. Tunaninta mai sauƙi ne: a ɗauki shara a matsayin kaya na biyu da masana'anta take ƙerawa ba da son ranta ba, a ɗora mata kasonta na kuɗin kayan da aka sayo, da lantarki, da albashi, da lokacin injin. A teburin yanka na masana'antar ɗinki, inda ake shimfiɗa yadi hawa-hawa a zana hannu da wuya da gaba a kansa, abin da ke zubewa ƙasa a matsayin ƙyalle yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Akanta na gargajiya yana ganin kuɗin kwashe ƙyallen ne kawai, wanda ba shi da yawa, ko ma ya ga ɗan kuɗin da aka samu da aka sayar da shi, ya rubuta shi a matsayin kuɗin shiga. Wannan sabon lissafi kuwa yana nuna masa cewa an sayi ƙyallen a farashin yadi, an saƙa shi, an rina shi, sannan aka sayar da shi a farashin tsumma. Da zarar manaja ya ga wannan lamba, hankalinsa yana barin mai kwashe shara ya koma kan mai zana tsarin yanka, da faɗin yadin da ake odarsa, da kuma mai zanen rigar da ya sa lanƙwasar da ba ta zama kusa da 'yar'uwarta a kan teburi.

Hakan yake a ƙarfe. Wani binciken na Kambirij ya ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na narkakken ƙarfen da ake yi a duniya, da wajen kashi 40 na alminiyam, ba sa kai wa ga zama kaya, suna komawa tanderu ne a sake narka su. Gaskiya ne sake narka alminiyam yana cin kusan kashi 5 ne kawai na makamashin yin sabo, amma guntun da ba a yanke ba ko wannan ba ya ci. Inda yankan ya zama dole, tsabtar rarrabewa ce ke riƙe darajar kaya, domin alminiyam iri-iri ne, idan aka cakuɗa su sai su faɗo zuwa mai araha wanda ba ya komawa jikin mota. Da Ford ya koma yin jikin motarsa F-150 da alminiyam a 2014, sai ya kafa bututun da ke zuƙe guntattaki yana raba su bisa nau'insu, a mayar wa masu murza falle su dawo da su sabbi. Kamfanin 3M ya kafa shirinsa na hana gurɓatawa daga tushe tun 1975, bisa hujjar cewa rigakafin yana biyan kuɗin kansa, Caterpillar kuma tun 1973 yake karɓar tsofaffin injuna ya warware su ya sabunta, yana riƙe kuɗin ajiya daga mai saye har sai ya dawo da tsohon. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bayyana sosai a lambar kauce wa rami.

Mai karanta rahoton ɗorewa, ko mai zuba jari ne ko ɗan jarida ko ma'aikacin kamfanin, yana da abin dubawa. Ma'aunin rahoto na GRI 306, wanda aka sabunta a 2020, yana neman kamfani ya faɗi jimillar sharar da ya haifar da tan, ya raba mai guba da marar guba, ya nuna nawa aka sake amfani da shi, nawa aka sake sarrafawa, nawa aka ƙona, nawa aka binne, kuma yana ajiye ƙonawa a ɓangaren zubarwa ko da an samu makamashi daga gare ta. Idan aka raba wannan jimilla da yawan kayan da aka ƙera, aka jera shekara biyar, za a ga ko masana'antar tana koyon tsimi ko tana ƙwarewa ne kawai wajen neman inda za ta tura tarkacenta. Kamfanin da ya ba da kaso ba tare da jimilla ba ya ɓoye rabin labarin, kuma ya dace a tambaye shi dalili.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan fanni shi ne yadda ake rubuta kwangila, domin a can ne ake yanke wa shara hukunci tun kafin a kunna inji. Kamfanin kwashe shara da ake biya bisa yawan tan ko yawan sawu ba shi da dalilin taimaka wa masana'anta ta rage shara, tunda raguwarta raguwar cinikinsa ce. Mai sayar da fenti da ake biya bisa lita shi ma yana cin riba daga duk ɗigon da ya kauce wa jikin mota ya faɗa cikin ruwan da ke ƙarƙashin ɗakin feshi ya zama laka. General Motors yana cikin waɗanda suka fara gwada wani tsari a shekarun 1990, inda ake biyan ɗan kwangilar shara ƙayyadadden kuɗi, a kuma raba da shi duk abin da aka samu na ragi. Hukumar Raya Masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNIDO, tana yaɗa makamancin wannan a harkar sinadarai tun tsakiyar shekarun 2000, inda ake biyan mai sinadari bisa aikin da sinadarin ya yi, kamar yawan sassan da aka wanke ko faɗin wurin da aka shafa wa fenti. A ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya, injiniyan mai fenti da kansa yake zuwa ya tsaya a ɗakin feshi, ya daidaita bakin bindigar da ƙarfin iskarta, ya nemi a jera motoci masu launi ɗaya a jere domin a rage wanke bututu tsakanin launi da launi, saboda yanzu duk litar da ta zama laka daga aljihun kamfaninsa ta fita.